Hukuncin Inshorar Motar Sana'a Mai Ɗauke Da Tukunyar Gas

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah Ta'ala, wanda Ya wajabta wa bayinSa neman halali, Ya kuma sanya riƙon amana cikin alamomin imani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban talikai, Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Amintacce tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala ce daga babin ciniki. Surarta daga ƙasar Ingila ta fito, amma hukuncinta ya game duk Musulmin da ya taɓa sa hannu a takardar inshora.

Ga yadda take. A Ingila akwai masu ƙananan sana'o'i da yawa, cikinsu har da Musulmi, waɗanda motarsu ita ce shagonsu: masu wanke tagogin gidaje, da masu wanke dardumai da kujeru, da masu bin gida-gida suna wankin mota, da masu sayar da abinci a bakin hanya. Ruwan sanyi ba ya fid da maiƙo, kuma a ƙasar da ruwa kan daskare cikin mesa da hunturu, wanda ba shi da ruwan zafi sai ya zauna gida. Saboda haka mutum kan sayi ƙaramar motar kaya rufaffiya, ya kafa tankin ruwa a bayanta, ya haɗa shi da hita mai aiki da tukunyar gas. Tun shekarar 1930 kuwa dokar ƙasar ta hana mota hawa titi sai da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Wanda aka kama babu ita, mafi sauƙin abin da zai same shi shi ne tarar fam 300 da maki 6 a lasin tuƙinsa, kuma 'yan sanda suna da ikon tsare motar.

To, idan ya je yankan inshora sai a tambaye shi: an yi wa motar wani ƙari bayan fitowarta daga masana'anta? Tana ɗaukar gas? In ya faɗi gaskiya, wani kamfanin ya ƙi shi ƙememe, wani ya ɗora masa kuɗi. In ya ce babu, a ba shi takarda nan take da araha. A nan ne Shaiɗan kan zo masa da rawani, ya kawo masa hujja mai kama da ta malamai. Ya ce masa ai inshorar nan haramun ce tun asali, tilas aka yi maka, masu kamfanin kuma ba Musulmi ba ne, don me za ka ƙara musu kuɗi da bakinka? Wannan hujja ita ce ake so a warware, gama rabinta gaskiya ne, shi ya sa take kama mutanen kirki.

ASALIN HUKUNCIN INSHORA

Daga cikin malaman fiƙihu na farko da suka yi magana a kan inshora akwai Ibn Abidin, Bahanafen Dimashƙa, wanda ya rasu a 1836. A cikin littafinsa Raddul Muhtar ya ba da labarin fataken da kan biya wani Bature kuɗi domin ya lamunce musu kayansu da ke cikin jirgin ruwa, in ya nutse ko ya ƙone ko aka yi fashinsa. Ya tafi a kan cewa bai halatta falke ya karɓi wannan ramuwa ba, domin ɗora wa mutum ne abin da Shari'a ba ta ɗora masa ba.

Malaman da suka biyo baya sun faɗaɗa dalilin. Babbar illar da suka gani ita ce garari, watau jahiltar abin da za a bayar da abin da za a karɓa. Mutum yana iya biyan kuɗi shekara 20 bai karɓi ko anini ba, wani kuma ya biya na wata ɗaya ya karɓi ninkinsa dubu. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana cinikin garari. Suka ƙara da cewa akwai kama da caca a ciki, akwai kuma riba, domin kuɗi ne ake bayarwa a karɓi kuɗin da ya fi su ko ya gaza su bayan jinkiri. A kan haka Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1977, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1978, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Jidda a watan Disamba 1985, duk suka haramta inshorar kasuwanci, suka halatta ta taimakon juna.

Amma adalci ne a faɗi cewa ba a yi ijma'i ba. Shaihu Mustafa Zarƙa na Sham, wanda ya rasu a 1999, ya tsaya a kan halaccinta tun taron fiƙihu na Dimashƙa a 1961, ya kuma saɓa wa sauran malamai a zaman Makka. Hujjarsa ita ce abin da mai inshora ke saye shi ne kwanciyar rai, kuma yana samunta tun ranar ƙulla yarjejeniya, kamar wanda ya ɗauki mai gadi, ko ɓarawo ya zo ko bai zo ba. Magana ce mai nauyi, ko da yake jamhuru ba su bi shi ba.

Ita kuwa inshorar taimakon juna, wadda ake kira takaful, ginshiƙinta yana cikin mazhabar Imam Malik. Shihabuddin Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya bayyana a cikin Al-Furuƙ cewa garari yana ɓata musaya ne, kamar saye da sayarwa, amma ba ya ɓata kyauta da sadaka, domin wanda aka yi wa kyautar abin da bai samu ba bai yi asarar kome ba. Idan masu motoci suka zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa ga duk wanda masifa ta faɗa wa a cikinsu, sun fita daga ciniki sun shiga taimako. Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi (S.A.W.) ya yi wa Ash'arawa, waɗanda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai. Kamfanin farko a kan wannan tsari an kafa shi ne a Sudan a 1979, Malesiya ta yi dokarsa a 1984, a Nijeriya kuma hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Duk wanda takaful ya samu a inda yake, ba shi da uzurin zuwa wani wuri. A Ingila dai an buɗe wani kamfanin takaful na motoci a 2008, bai cika shekara biyu ba ya daina karɓar sababbin mutane.

Saura wanda doka ta tilasta wa, ga shi kuma bai sami takaful ba. Malaman da suka haramta inshorar kasuwanci su ne dai suka yi masa rangwame, bisa ƙa'idar larura da aka ciro daga aya ta 173 ta Suratul Baƙara da makamantanta. Majalisar Fatawa ta Turai, wadda aka kafa a 1997, ta halatta abin da doka ta wajabta, har ta haɗa da abin da matsananciyar bukata ta kai mutum gare shi. Ke nan mai motar nan ba shi da laifi don ya yanki inshora. Wannan shi ne rabin gaskiyar da ke cikin hujjar Shaiɗan.

ABIN DA KE BAYAN MOTAR

Kafin a zo ga ɗaya rabin, ya kamata mai karatu ya san dalilin da ya sa kamfani ke tambaya, don kada a zaci neman ƙarin kuɗi ne kawai. Gas ɗin tukunya ruwa ne da aka matse. Lita ɗaya tasa in ta fita takan zama kimanin lita 250 ta iska. Ya kuma fi iskar da ake shaƙa nauyi, saboda haka in ya zurara ba ya tashi sama ya watse, sai ya kwanta a daɓen mota kamar ruwa a kwari. Da zarar ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ƙyastu ɗaya ya isa, ko da daga makunnin famfon ruwa ne ko wayar batir. Shi ya sa masana ke cewa a kafa tukunya a tsaye, a ɗaure ta cikin akwatinta, a huda ƙasan akwatin domin abin da ya zurara ya fice waje, a kuma rufe bakinta duk lokacin da mota ke tafiya.

Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba tana fid da guba marar wari marar launi, mai suna kabon monoksaid, irin wadda ke kashe masu kwana da garwashi ko janareta a rufaffen ɗaki. Hitar da ba a fitar da bututun hayaƙinta waje ba tana iya sumar da yaron aiki yana tsugune a bayan mota, maigidansa na can yana wanke taga bai sani ba. Ga kuma nauyi: tanki mai lita 500 rabin tan ne cur, in ba a kafe shi da kyau ba, ranar da aka taka birki da ƙarfi sai ya taho kan direba. Don haka kamfanoni da yawa ke neman shaidar cewa ma'aikacin da ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009, shi ya haɗa kayan ko ya duba su.

Shari'a ba baƙuwa ba ce ga wannan taka-tsantsan. Abu Musal Ash'ari ya ba da labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi (S.A.W.) ya siffanta wuta da cewa maƙiyiya ce, ya yi umurni a kashe ta in za a kwanta. Malaman Malikiyya kuma sun ɗora lamuni a kan mai sakaci. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa mahayin dabba da mai janta da mai korarta suna biyan abin da ta tattake, malaman zamani kuma suka yi ƙiyasin direba a kansu. Shaihu Halil a Muhtasar ya lissafa wanda ya hura wuta ranar guguwa cikin masu biyan ɓarnar da ta yi. Wanda ya ajiye mota mai yoyon gas a ƙofar gidan mutane bai yi nisa da wannan ba. In dukiya ta ƙone, a wuyansa take. In rai ya salwanta bisa kuskure, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ambaci diyya da kaffara, diyyar kuwa a mazhaba raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. A da aƙila, watau dangin mutum na wajen uba, su ke haɗuwa su ɗauke masa diyyar kuskure. Baƙon da ke zaune Birmingham ko Bradford, ina ya ga aƙila? Inshorar nan ita ce kaɗai abin da ya tsaya tsakanin iyalin mamaci da hannu wofi. Ita kaffara kuwa, inda ta wajaba, tana nan a kansa, gama kamfani ba ya yi wa kowa azumin wata biyu a jere.

A nan akwai wani abin lura da masu sana'a da yawa ke mantawa. Inshorar da dokar titi ta wajabta ta shafi amfani da mota a kan hanya da wuraren jama'a ne. Gobarar da ta tashi daga hita a harabar gidan wani, lokacin da ake cikin aiki, tana iya faɗawa wajen wannan iyaka, sai in an yanki wata inshorar daban ta ɓarnar da sana'a ke jawo wa jama'a. Wannan ta biyun doka ba ta tilasta ta ba, amma abin da ya fi ƙarfi shi ne ta fi kusa da bukatar da malamai suka yi wa rangwame fiye da inshorar da mutum zai yi wa jikin motarsa, domin haƙƙin wasu take karewa. Wanda kuwa ya ɗauki ma'aikaci, dokar 1969 ta wajabta masa inshorar ma'aikata, wadda a yau ba ta gaza fam miliyan 5 ba.

LARURA BA TA HALATTA ƘARYA

Yanzu ga ɗaya rabin. Ƙa'ida ce sananniya cewa larura ana auna ta da gwargwadonta. Doka ta tilasta wa mutumin nan shiga yarjejeniya, amma ba wanda ya tilasta masa yin ƙarya a cikinta. Wanda yunwa ta halatta wa mushe bai sami izinin sace tukunyar da zai dafa shi ba. Ƙarin kuɗin da yake gudu ƙunci ne, ba halaka ba ne, kuma nauyi ne na sana'ar da ya zaɓa da kansa.

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sa'an nan ya barranta daga mai algus. Tukunyar gas da aka ɓoye a bayan mota ita ce jiƙaƙƙen hatsin nan. Hadisin Hakim ɗan Hizam kuma ya nuna cewa masu ciniki in sun yi gaskiya sun bayyana, a sa musu albarka, in sun ɓoye sun yi ƙarya, a shafe ta. Aya ta farko ta Suratul Ma'ida ta yi umurni da cika alkawura, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta gindaya yarda. Yardar da aka samu da ƙarya kuwa ba yarda ba ce, domin kamfani ya yarda ne ya lamunci mota marar gas, motar da babu ita.

Batun cewa masu kamfanin ba Musulmi ba ne, Alƙur'ani ya riga ya rufe wannan ƙofa. Aya ta 75 ta Suratu Ali Imrana ta zargi waɗansu daga Ma'abuta Littafi da suka riya cewa babu laifi a kansu in sun ci amanar wanda ba nasu ba, ta kuma kira wannan ƙarya ga Allah. Abin da aka zarga ga wasu ba ya zama ado ga Musulmi. Mugira ɗan Shu'uba ya taɓa yaudarar abokan tafiyarsa a jahiliyya ya kwashe dukiyarsu, da ya zo ya musulunta, Annabi (S.A.W.) ya karɓi Musuluncinsa, ya barranta daga dukiyar, kamar yadda Bukhari ya kawo a labarin Hudaibiyya. Malaman fiƙihu kuma sun bayyana cewa Musulmin da ya shiga ƙasar wasu da aminci, haramun ne ya ha'ince su a dukiyarsu. Daɗin daɗawa, ba masu kamfani kaɗai ake cuta ba. Kuɗin da ake biyan ɓarna da su daga aljihun sauran masu motoci suke fitowa, kuma duk asarar da maƙaryaci ya jawo, a kansu za a raba ta baɗi. In takaful ne ma abin ya fi muni, gama asusun 'yan'uwansa ya sa wa hannu.

Abin sha'awa, dokar Ingila ta isa wannan wuri ta hanyarta. A wata shari'a ta 1766, alƙali Lord Mansfield ya kafa cewa inshora tana tsayuwa ne a kan gaskiya, domin mai neman ta shi ne ya san halin abinsa, kamfani kuwa maganarsa ya dogara da ita. Dokar inshora ta 2015, wadda ta fara aiki a Agusta 2016, ta ɗora wa mai sana'a ya bayyana duk abin da zai iya shafar shawarar kamfani, ko da ba a tambaye shi da sunansa ba. In ya ɓoye da gangan ko da halin ko-in-kula, kamfani yana iya soke yarjejeniyar, ya ƙi biya, ya kuma riƙe kuɗin da aka ba shi. In kuskure ne, sai a duba abin da kamfani zai yi da ya sani. A ce ya biya fam 600 alhali da ya faɗi gaskiya fam 800 za a ce, to kashi uku cikin huɗu na asararsa za a biya shi. Wanda aka buge a kan titi doka ta kare shi, kamfani zai biya shi, amma yana iya juyowa ya bi mai motar bashin abin da ya biya. Ashe mai wayon nan ya sayi takarda ce kurum: ga kuɗi sun tafi, ga zunubi, ga gidansa a bakin gwanjo.

Daga wannan ake fahimtar hukuncin wanda ya yanki inshora motarsa babu kome, daga baya ya kafa hita. Shirunsa ɓoyewa ne, tunda takardun inshorar mota sukan sharɗanta a sanar da kowane canji, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Wajibi ne ya sanar kafin ya fita da ita aiki, kuma ya fi kyau ya yi a rubuce, ya adana amsar. Haka wanda dillali ya ce masa kada ya damu, ba sai an rubuta ba: dillalin ya yi tarayya da shi a laifi, bai ɗauke masa ba. In kamfanonin da ya sani duk sun ƙi shi, akwai dillalan da suka keɓanta da motocin sana'a. In nan ma bai dace ba, sai ya sauke tukunyar, ya koma hita mai lantarki ko mai man dizal, ita ma ya bayyana ta. Ƙarin kuɗin inshora kuwa yana cikin ɗawainiyar sana'a kamar mai da sabulu, ya halatta ya sa shi cikin ladan aikinsa.

Saura wanda ya riga ya ɓoye. In ba a biya shi kome ba tukuna, ya tuba, ya kira kamfani ya gyara bayaninsa, ya karɓi abin da suka yanke. In kuwa har an biya shi wata asara bisa wancan bayanin na ƙarya, to kuɗin ba su zama nasa ba, ko a wurin malaman da suka halatta inshora, balle waɗanda suka haramta ta. Mayar da haƙƙin mutane sharaɗi ne na tuba, kuma bai isar masa ya yi sadaka da su ko ya zuba su a ginin masallaci ba, domin sadaka da dukiyar zalunci sai in an rasa mai ita, kamfani kuwa sunansa da adireshinsa suna nan a saman takardar.